Tsohon injin yankan katako yana mutuwa idan ya ɗauki zafi: kwayil ne ko wani abu dabam?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar yankan katako a yankin Gembu, a tsaunin Mambila na jihar Taraba, ya aiko da tambaya a kan injinsa. Ya ce ya sayi Stihl 070 na hannu, irin wanda ake kira Beljiyam, kuma tun da ya kawo shi bai ji daɗinsa ba. Da safe sai ya sha jan igiya kafin injin ya tashi, idan ya tashi yakan yi aiki kamar minti goma sha biyar, daga nan sai ya fara tari ya mutu, ba ya sake tashi sai ya huce sarai. Ya canza fulogi sau uku, makanikin da ya kai wa kuma ya ce kwayil, wato naɗin wayar da ke ba fulogi wuta, shi ne ya lalace. Tambayarsa ita ce ko ya je ya sayo sabon kwayil ɗin.

Malam, kada ka saya tukuna. Ba ina cewa makanikin bai san aikinsa ba ne, domin alamar da ka bayyana lallai tana kama da ta kwayil mai rauni. Matsalar ita ce akwai wasu abubuwa aƙalla huɗu da suke ba da wannan alamar daidai wa daida, kuma kowannensu ya fi kwayil arha. A shekarun da na yi ina buɗe waɗannan injuna, kwayil ɗin da aka cire aka jefar alhali lafiyarsa ƙalau ya fi wanda ya mutu da gaske yawa.

Ya kamata ka fara fahimtar inda wutar take fitowa, domin wannan inji ba shi da batir. A gefen da igiyar tayarwa take akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, wannan faifan makanikai suna kiransa fulawil, kuma a jikinsa akwai maganaɗisu. Duk lokacin da maganaɗisun ya gifta kusa da ƙarfen kwayil sai ƙaramar wuta ta taso a naɗin waya na farko, wanda yake mai kauri ne kuma gajere. A daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa ƙololuwa sai a yanke wannan wutar farat ɗaya, yankewar ce take sa naɗi na biyu, mai siririyar waya da aka naɗa sau dubbai, ya haifar da wuta mai ƙarfin dubban bolt wadda take tsallake bakin fulogi. A tsofaffin injuna abin da ke yankewar shi ne kwantak, wasu ƙananan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, tare da kwandensa da ke hana bakinsu ƙonewa. A na baya-bayan nan wata ƙaramar na'urar lantarki ce take yin wannan aiki ba tare da wani abu ya motsa ba. Makunnin kashewa kuwa ba ya yanke komai, haɗa wutar yake yi da jikin inji don ta zurare. Ka riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Kamfanin Stihl na Jamus ya fito da 070 a 1968, girman silindarsa kusan cc 106, kuma an daɗe ana ƙera shi. Na farko-farko da kwantak suka zo, na baya da na'urar lantarki, sannan ga kwaikwayon da ake yi a Chana wanda ya cika kasuwanninmu. Injin da ya bi hannu da yawa ba a rantsuwa a kan abin da ke cikinsa, sau da yawa za ka tarar jiki na asali, fulawil na wani inji, kwayil na kwaikwayo. A wannan samfurin dukkan kayan wutar suna ɓoye ne a ƙarƙashin fulawil, don haka sai an gama duk gwajin da za a iya yi daga waje kafin a kai ga buɗe shi.

Kafin ka taɓa komai ka tuna cewa 070 ba shi da birkin sarƙa. Duk gwajin da ba ya buƙatar yanka, ka cire sarƙar da ƙarfen da take zagayawa a kansa. Kuma idan ka cire fulogi ka ja igiya, fetur yakan feso ta ramin, saboda haka kada ka gwada tartsatsi a bakin ramin. Na taɓa ganin hannun riga ya kama wuta ta wannan hanya.

Gwaji mafi muhimmanci a matsalarka shi ne wanda za a yi a lokacin da injin ya mutu yana da zafi. A nan ne yawancin makanikai suke ɓata, domin ana kawo musu injin ne bayan ya huce, su gwada su ga wuta, ko kuma su yi hasashe kawai. Ka tafi daji da sifanar fulogi da abin gwaji a aljihu, ka yi aiki har ya mutu, sannan cikin minti ɗaya ka gwada wutar kafin zafin ya sauka.

Yadda ake gwajin ma yana da muhimmanci. Abin da kowa ya saba shi ne a cire fulogi, a jingina shi da jikin silinda, a ja igiya, idan an ga ɗan tartsatsi a ce wuta lafiya. Wannan gwaji yana yaudara. Tazarar bakin fulogi rabin milimita ce kawai, kuma a sararin iska ko kwayil da ya kusa mutuwa zai iya tsallake ta. A cikin silinda kuwa iska a matse take ninki da yawa, kuma matsattsiyar iska ta fi wuyar ketawa, don haka wutar da ta yi kyau a waje tana iya kasa fitowa a ciki. Hanyar da za ka kwaikwayi wannan wahalar ita ce ka faɗaɗa tazarar. Idan ba ka da abin gwaji na kanti, ka sami tsohon fulogi mai lafiya, ka lanƙwasa ƙarfen bakinsa har tazarar ta kai milimita 5 zuwa 6, ka ɗaure gindinsa da jikin silinda da waya don kada ka riƙe da hannu. Ka shiga inuwa, ka ja igiya da ƙarfi irin jan tayarwa, domin na'urar lantarki ba ta ba da wuta idan juyin ya yi sanyi. Wuta mai lafiya za ta tsallake wannan tazara a kowane juyi, har za ka ji ƙararta ƙas-ƙas. Abu ɗaya da za ka kiyaye shi ne kada ka ja igiya alhali wayar fulogi tana reto ba ta da inda za ta sauke wuta, domin wutar za ta nemi hanya ta cikin kwayil ɗin kansa ta huda shi.

Idan wutar ta tsallake da kyau alhali injin yana da zafi, to ka bar zancen kwayil gaba ɗaya, matsalarka ta mai ce ko ta matsi. Ka buɗe murfin tanki a hankali ka saurara. Idan ka ji iska ta shige fuu, sannan injin ya tashi bayan ka mayar da murfin, to 'yar ƙofar numfashin tankin ce ta toshe, mai yana raguwa iska ba ta shiga, har kafireta ta kasa zuƙowa. Wannan ciwo yana ɗaukar minti goma zuwa ashirin kafin ya bayyana, daidai da ciwon kwayil, kuma gyaransa bai wuce tsaftacewa ba. Idan ba shi ba ne, ka cire salansa ka leƙa fistin ta ƙofar hayaƙi. Fistin da ya sha karce daga sama zuwa ƙasa, ko ringin da ya maƙale a raminsa, yana iya riƙe matsi da sanyi ya saki da zafi.

Idan kuwa wutar ta ɓace ko ta zama sai jefi-jefi, to laifin yana ɓangaren wuta, sai mu bi shi daga waje zuwa ciki.

Ka ce ka canza fulogi sau uku. Fulogi shaida ne a kan abin da ke faruwa a cikin silinda, ba kasafai yake zama mai laifin ba, don haka da ka ajiye ukun nan da sun ba mu labari. Wanda ya fito ruwan ƙasa-ƙasa a bushe yana nuna ƙonewa mai kyau. Wanda ya fito baƙi ƙirin da danshin mai yana nuna ko dai wuta tana yankewa, ko kuma haɗin man ya yi yawa. A nan dole in yi magana a kan al'adar zuba baƙin man mota a fetur da ido. Man mota ba a yi shi don ya ƙone ba, toka yake bari a bakin fulogi har ta haɗe tazarar. Ka nemi man 2T ka auna: haɗin 25 da 1 shi ne mililita 40 a litar fetur, haɗin 50 da 1 kuma mililita 20, kuma wannan na biyun sai da mai mai inganci sosai. Fulogin da ya dace shi ne Bosch WSR6F ko NGK BPMR7A, a tazarar milimita 0.5. Kada ka ɗauki na babur kawai saboda zarensa ya shiga, domin idan ya fi tsawo fistin zai iya dukansa, idan kuma ba ajin zafinsa ba ne zai yi ta yin baƙi. Jabun fulogi ma sun yi yawa, ka saya a wurin wanda za ka iya komawa ka same shi.

Daga fulogi sai hularsa. Ka zare robar ka duba cikinta. Akwai wani ɗan sifirin da ke kama kan fulogi, wutsiyarsa mai tsini kuma tana soke cikin wayar. A tsohon inji wannan tsinin yakan yi tsatsa ko ya zame, ya zama wutar sai ta yi tsalle kafin ma ta isa fulogi. Gyaran shi ne a yanke kamar santimita ɗaya daga bakin wayar, a sake soka tsinin a tsakiyarta daidai inda zaren tagulla yake. Ka bi wayar da yatsa kana lanƙwasa ta, duk inda robar ta tsage ko ta bushe wuta za ta zurare ta nan. A wuri mai hazo da raɓa irin Mambila wannan yana da tasiri ƙwarai, kuma ina zargin yana cikin dalilan da suka sa kake shan wahalar tayarwa da safe. Idan ka ja igiya cikin duhu wani lokaci za ka ga shuɗin tartsatsi yana fita daga jikin wayar zuwa ƙarfe.

Yanzu mu koma kan makunnin kashewa. Tunda aikinsa shi ne haɗa wuta da jikin inji, duk inda siririyar wayarsa ta goge ta taɓa ƙarfe, tamkar ka kashe injin ne da hannunka. An taɓa kawo mini wani inji da aka canza wa kwayil har sau biyu bai warke ba. Da na bi wayar sai na tarar ta bi ta gefen wani ƙarfe mai kaifi, robar ta cinye daidai faɗin ƙwayar shinkafa, tagullar tana ƙyalli. Da sanyi robar tana da tauri ba ta taɓawa, idan zafi ya tausasa ta kuma girgiza ta yi yawa sai ta kwanta a kan ƙarfen. Ɗan guntun waya ne ya gyara shi. Saboda haka ka cire wayar daga makunnin, ka naɗe bakinta, ka sake gwada wuta. Idan ta dawo, makunnin ne, sau da yawa garin katako da mai ne suka cika shi. Idan ba ta dawo ba, wayar ba ta fita daga zargi ba sai ka cire ta daga ɗaya bakin a ciki. Idan ka tayar da injin a wannan hali, ka san cewa da cok, wato abin toshe iskar kafireta, za ka kashe shi.

Sai buɗe fulawil. Kafin ka kwance shi, ka kama shi da hannu biyu ka girgiza sama da ƙasa. Bai kamata ka ji ko ɗan motsi ba. Idan yana ƙwas-ƙwas, boris ɗin karanshaf ya ci, kuma muddin haka ne tazarar kwantak da ta maganaɗisu za su riƙa canzawa a kowane juyi, babu sabon kayan wutar da zai zauna lafiya. Don tsayar da injin ka kwance notin, ka tura igiya mai tsabta ta ramin fulogi bayan fistin ya rufe ƙofar hayaƙi, ta yadda zai matse ta ya tsaya. Kada ka soka sukudireba a fikafikan fanka, karyewa suke yi. Fulawil ɗin kuma da abin zaro shi ake cire shi, wanda ake ɗaurawa a tsakiyarsa. Dukan kan karanshaf da guduma yana lalata zaren noti, yana raunana boris, kuma bugu ba ya yi wa maganaɗisu kyau.

Da ya fita, ka fara duba ɗan ƙaramin ki mai siffar rabin wata da ke zaune a ramin karanshaf. Shi ne yake tsayar da fulawil a gurbin da wuta za ta zo a kan lokaci. Idan ya yanke ko ya tauye, fulawil ya zame, za ka sami wuta mai ƙarfi amma a lokacin da bai dace ba, injin ya riƙa fizge igiya daga hannunka ko ya yi harbi ta kafireta. Mutane suna ɗauka ki ɗin ne ke riƙe fulawil, alhali tsukakken bakin karanshaf ne yake riƙe shi idan an ɗaure noti da kyau. Don haka wajen mayarwa a goge wuraren biyu su bushe ƙarau, ba mai ba giris.

A ƙarƙashi za ka ga farantin da kayan wutar ke kai. Kafin ka sassauta ko sukuru ɗaya, ka ja layi da bakin wuƙa daga farantin zuwa jikin inji, domin juya shi kaɗan yana canza lokacin wuta, kuma wannan layin ne zai mayar da kai inda ka taso. Idan naka mai kwantak ne, ka buɗe bakinsa da farce ka haska. Idan ka ga yana naso da mai, sil ɗin karanshaf da ke bayansa yana yoyo, kuma ko ka goge zai dawo, sai an canza sil ɗin. Wannan yoyon yana da haɗari ta wata fuskar, domin inda mai ke fita nan iska ke shiga, injin ya riƙa ƙarancin mai har fistin ya ƙone. Idan kuwa bakin ya ƙone ya yi baƙi-baƙi, gefe ɗaya ya yi tsiro ɗayan ya yi rami, to kwandensa ba ta yin aikinta. Kwandensa tana cikin abubuwan da suka fi mutuwa da zafi su farfaɗo da sanyi, kuma mitar awon lantarki ta gama-gari ba ta iya tona asirinta sosai, gwajinta na gaskiya shi ne a saka wata. A injin da ya kai shekarun naka, ni nakan canza kwantak da kwandensa tare ba tare da dogon bincike ba. A juya injin har kwantak ya buɗe iyakar buɗewarsa, a saita tazarar tsakanin milimita 0.35 da 0.40 da filageji, wato siraran ƙarafan auna tazara, sannan a ja farar takarda mai tsabta a tsakanin bakin har ta fito ba tabo, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana wuta. Tazarar nan tana raguwa da kanta yayin da dugadugin kwantak ɗin yake cinyewa, kuma idan ta ragu wuta tana makara tana raunana, wanda shi ma yana kawo wahalar tayarwa.

Sai bayan duk wannan ne ake tuhumar kwayil. Ka duba jikinsa ko akwai tsaga, kumburi ko alamar ƙuna. Idan na kwantak ne, mita za ta nuna naɗi na farko da ƙyar ya kai om ɗaya ko biyu, na biyu kuma om dubu da yawa, idan ta nuna babu haɗi sam to waya ta tsinke. Amma karatu mai kyau da sanyi ba ya wanke shi, domin siririyar wayar da ta tsinke tana iya taɓa juna da sanyi ta rabu idan zafi ya buɗa ta. Idan mai na'urar lantarki ne, mita ba ta da abin da za ta gaya maka. Hanya mafi tabbas ita ce aro. A wurinku 070 ba baƙo ba ne, ka roƙi abokin sana'a ya ba ka nasa kayan wutar na yini ɗaya, in dai irin naka ne, ka yi aiki da su har ka wuce minti goma sha biyar ɗin nan. Kuma kada ka yarda wani ya ce zai gwada maka da batirin mota, bolt 12 a kan wayar kashewa yana ƙona na'urar nan take.

Idan ta tabbata sai an saya, ka tafi kasuwa da tsohon kwayil ɗin da fulawil ɗinsa, domin su biyun abokan juna ne, kuma na kwaikwayo ba kullum yake dacewa da fulawil na asali ba ko da ramukan sukuru sun yi daidai. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai kamar akwatin ashana da ake sakawa a madadin kwantak da kwandensa a bar tsohon kwayil. Tana aiki idan kwayil ɗin yana da lafiya, kuma tana raba ka da saiti, sai dai ni na fi son kwantak ga mai aiki a daji mai nisa, tunda shi ana iya goge shi a gindin bishiya a ci gaba da aiki.

Ga masu ƙananan injuna irin Stihl 038 ko Husqvarna 61, kwayil a waje yake a gefen fulawil, abin lura a wurinsu shi ne tazarar da ke tsakaninsu, milimita 0.2 zuwa 0.3. A sassauta sukuru, a saka siririn kati a tsakani, a juyo maganaɗisu ya ja kwayil ɗin ya manne, a ɗaure, a zare katin. A kan 070 kuma akwai abin ƙayyade gudu da ake kira gwamna, mai aiki da iskar fanka, wanda yake ɗan rufe cok idan gudu ya yi yawa, don haka tarin da kake ji idan ka taka shi ba ya cikin itace ba ciwon wuta ba ne, kada a cire shi.

A ganina, idan wutarka ta ɓace da zafi, kwandensa da kwantak ne a gaba, wayar kashewa tana biye, kwayil yana bayansu. Amma ko wanne ya kasance, tunda murfin yana buɗe, ka duba fikafikan silinda da na fanka. Injin da ke tsaga katako yana daɗewa a cikakken gudu fiye da mai sare bishiya, kuma garin itacen turare idan ya haɗu da mai yakan daskare a tsakanin fikafikan kamar laka. Iska ba ta wucewa, zafi yana taruwa, kuma wannan zafin ne yake dafa kwandensa da kwayil. Ka kankare shi da tsinke ka wanke da kananzir har ka ga hasken ƙarfe a kowane tsakani, sannan ka mayar da murfin.